Farar Ƙasa a kan Bagzan

Ku gafarce ni tun kafin ku soma karantawa. Na san garin nan da manyan masu alƙalami, kuma ba a saba ganin yarinya ta ɗauki kaye, littafin rubutu, ta ce za ta rubuta labari ba. Wannan ne na fari da na taɓa yi, sau uku ina yaga shi ina sakewa. Inda kuka ga na yi tuntuɓe ku tsallake, ku bi labarin, don shi ba ruwansa.

A shekara ta biyu da ruwan sama ya ƙaurace wa Abzin, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, an yi wata malama a wani lakwal, wato makarantar boko, na gefen Agadas, ana ce mata Madam Fulera. Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya da saurin fushi, kuma ita kanta ta san na biyun ne ya hana ta ci gaba a aiki. Ajin da aka ba ta ba aji ba ne, rumfar zana ce a bayan lakwal, jikin katanga. Yara ashirin da uku aka tara mata, duka daga zangon mutanen da fari ya kashe wa dabbobi, suka gangaro daga duwatsu suka kafa bukkoki a bakin gari. Tamashek suke ji. Hausarsu ba ta wuce ta sayen gero ba, Faransanci kuwa ko a mafarki.

Watan farko ta yi ta magana har muryarta ta dushe. Su dai kallonta suke yi kamar ana ba su labarin teku. Kullum in ta ƙidaya sai ta ga sun ragu, har suka koma goma sha ɗaya. Wata rana ta zana taswirar Nijar a tablo, babban allon aji, ta ɗiga alli can sama, ta ce, "Nan ne Iferwan." Sai wata yarinya mai suna Tekna, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Madam, ina dutse? Ina rijiya?"

Washegari ta zo riƙe da hannun kakanta, Madugu Bazo, tsohon jagoran ayari wanda yanzu ba shi da raƙumi ko ɗaya, idonsa ma ya soma barinsa. Tsohon bai ko juya wajen tablo ba. Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja zane da yatsa. "Ga Telwa," ya ce, "nan ruwa ke bi in Allah ya ba da ruwan. Ga dutsen Bagzan. Ga Tamgak can sama, Iferwan a gindinsa take." Yaran suka taso daga tabarma ba wanda ya kira su, kowa na nuna inda aka yanke masa cibiya.

Daga nan Fulera ta samu dabara. Akwai wata ƙaramar ƙungiya ta tsofaffin malamai a Yamai, mai ba da ɗan taimako ga duk malamin da ya ƙirƙiro wani aiki na kansa domin ajinsa. Ta rubuta musu cewa tana son gina ƙasar Abzin a ƙasa, a filin da ke bayan rumfa, da yumɓu da duwatsu, kowane taki ɗaya ya zama yini guda na tafiyar raƙumi. Da wannan za ta koyar da ƙidaya da karatu da Faransanci. Takardar ta yi sati uku a teburin dirakta, shugaban lakwal, Mushe Nomau, wato Malam Nomau da Faransanci, don makullin akwatin hatimi ya ɓata. Duk da haka ta isa, taimakon kuma ya zo. Bai taka kara ya karya ba: zana sabuwa, sharet, wato keken jaki, biyu na yumɓu, ruwan kwaɓi daga ƴan garuwa, da goron roƙon shofer a tasha. Amma da sharaɗi. Ƙarshen zangon karatu za su turo wanda zai gani da idonsa. In ya gamsu, ƙungiya ta riƙe rumfar wata shekara. In bai gamsu ba, ansfekta, mai duba makarantu, ya riga ya ce rumfar nan ba ta cikin takardunsa, a kwance ta, yara su koma zango.

Goron shofer kuwa Madugu ne ya ja shi. Ranar da Fulera ta tsinto tsakuwa a bayan gari za ta gina Bagzan, ya laluba su ya zubar. "Ɗiyata, ba a gina Bagzan da dutsen wani wuri. In za ki yi ƙarya ki yi ta a tablo." Wata huɗu ta yi tana sintiri a tasha, tana roƙon masu kamiyo, manyan motocin da ke kai tsabar taimako cikin duwatsu su riƙo mata dutse. Wani ya yi mata dariya, wani ya ce ko magani za ta haɗa, wani ya karɓi goro ya manta. A haka dai suka taru: baƙaƙe masu ramuka-ramuka daga wajen Timiya, jajaye, masu ruwan toka da ƙyalli, wasu shuɗi-shuɗi masu santsi daga arewa. Aka fede hanyoyin ruwa a yumɓu, aka binne bakin kwalba a mazaunin kowace rijiya. Bilma, garin gishiri na tsakiyar hamada, da aka auna da taki, can ta faɗa gindin katangar makewayi, aka ajiye mata guntun kantun gishiri. Yaran da suka gudu suka dawo, suka jawo ƙannensu. Suka zama talatin da ɗaya.

Litinin aka sa baƙuwar ƙungiyar za ta zo, wata Madam Aissa. Da sassafe Fulera ta shigo lakwal da sabon zane, ta nufi bayan rumfa don ta duba ko awaki sun yi ɓarna ranar Lahadi.

Ta tsaya. Ta waiwaya ta tabbatar rumfarta ce. Fili fetal, an share shi tas, har an ja masa ado da bakin tsintsiya. Ba Bagzan, ba Tamgak, ba Telwa. Ko bakin kwalba ɗaya ba a bari ba.

"Baba Illiya!"

Baba Illiya shi ne mai tsaron lakwal, tsoho ne mai haƙuri wanda bai taɓa gaggawa ba tun da aka haife shi. Ya taho yana goge hannu a riga, yatsunsa fari fat.

"Madam, an tashi lahiya?"

"Ban tashi ba. Ina duwatsuna?"

Ya nuna mata da haɓa. Sai a lokacin ta lura da abin da ta wuce ta tsakiyarsa ba ta gani ba. Daga ƙofar lakwal har bakin ofishin dirakta, dama da hagu, an jera duwatsu reras, tazara ɗaya, kowanne ya sha farar ƙasa yana ƙyalli. To, duk wanda ya zauna garin nan a shekarun nan ya san wannan. In babba zai zo, ba a tambayar ko akwai alli, ko yara sun karya. Dutse ake jerawa bakin hanya a shafa masa fari.

"Ga su nan duka," in ji Baba Illiya da alfahari. "Ko ɗaya ban yar ba. Jiya tun hantsi nake kansu, ni da ƴan samariya."

"Baba, ba ka san mene ne su ba? Ba a gabanka muka yi wata huɗu muna ginawa ba?"

"Na sani mana. Na ma faɗa wa Mushe. Ya ce duk dutsen da ke cikin lakwal ɗin nan. Na ce har na Madam? Ya ce Illiya, dutse yana da Madam ne? To, ni mi zan ce? Umarni ne."

"Kantun Bilma fa?"

"A'a, wannan ai gishiri ne, ba a shafa wa gishiri farar ƙasa. Na ga kar ya lalace, na kai wa ragon Mushe."

Fulera ta rufe ido. Ta yi salati sau uku, na ukun da ƙarfi. Sannan ta nufi ofis, tana bi ta tsakanin Bagzan da Tamgak ba ta san wanne ne wanne ba.

Mushe Nomau na tsaye gaban ɗan madubi yana gyara wuyan rigarsa mai aljihu huɗu. Ba mugu ba ne. Mutum ne da tsoro ya riga ya cinye, ya bar riga. Tun kafin ta buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Madam, na san abin da ya kawo ki. Zauna."

"Ba zan zauna ba, Mushe. Baƙuwar nan tawa ce. Abin da ta taso daga Yamai ta gani, shi ne kuka jera mata ta taka ta wuce."

"Baƙuwarki ba ita kaɗai ke tafe ba. Asabar da yamma aka aiko daga gidan farfe, mai mulkin yankin nan, Kafiten na soja ne zai rako ta. Kafiten! Ya shigo lakwal ya ga hanya ba dutse? Kin san abin da ya kai Mushe Lawali Bilma? Igiyar tuta. Igiyar tuta ce ta tsinke ranar da aka zo ziyara, shi ke nan. Shekara uku ke nan matarsa na aika masa yaji a kamiyo."

"Ba dutse a garin nan sai nawa?"

"Rairayi ne ko'ina, Madam. Naki ne a kusa, kuma girmansu ya yi daidai."

"To yanzu in nuna mata mi?"

"Ki zana mata a tablo. Ai kin iya zane."

Fulera ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta danne abin da ya taso mata, ta sassauta murya. "Mushe, ka ba ni awa biyu da yarana. Mu mayar da abin da za mu iya."

"Dutse ɗaya ba zai motsa ba sai baƙi sun juya baya. Ƙarfe takwas kowa ya shiga sahu."

Ta fito. Gaskiyar magana, ko ya ba ta awa biyun ba ta san ta inda za ta soma ba. Duwatsun duk sun zama iri ɗaya, farare kamar ƙwan jimina. Yaranta suka iso, suka leƙa bayan rumfa, suka dawo suka tsaya shiru. Tekna ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kome ba. Shirun nan na watan farko ne ya dawo musu, kuma shi ya fi ƙona wa Fulera rai.

Ƙarfe takwas aka jera lakwal duka, sahu biyu a bayan fararen duwatsu, kowane yaro da ƴar tutar takarda. Iyayen da aka gayyata suka zauna gindin aduwa, ita kaɗai ce itaciyar lakwal. Madugu Bazo na cikinsu, a gefe, daf da jerin duwatsu. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

Tara ta yi. Goma ta yi. Mushe Nomau ya sa aka maimaita waƙar maraba sau bakwai, har ƙananan suka soma rera ta ido rufe. Wajen sha ɗaya aka ji ƙara daga kwana, ya daka tsawa, "Ga su nan!" Yara ɗari uku suka ɗauki waƙa da tafi, sai ga sharet ɗin mai itace, jaki ya razana ya yi cikin lungu da mai shi. Ba wanda aka bari ya yi dariya. Sha biyu ta wuce. Wata ƴar aji biyu ta yanke jiki ta faɗi, aka nemi ruwa a randa, babu. Da shi aka dama farar ƙasa.

Fulera na tsaye bayan yaranta tana shirya abin da za ta faɗa wa baƙuwa. Ta shirya shi ta rushe, ta sake shiryawa. In ta faɗi gaskiya a gaban Kafiten, ta kai Mushe Nomau Bilma, wataƙila ita ma ta bi shi. In ta yi shiru ta zana a tablo, wace mahaukaciya ce za ta sa hannu a riƙe rumfa saboda zanen alli? Ta kowace hanya dai yara zango za su koma.

Can aka jiyo kiran azahar daga cikin gari. Iyaye maza suka dubi juna, ba ruwa. Madugu Bazo bai tambayi kowa ba, wanda ya tsufa a hamada ba ya jiran buta. Ya miƙa hannu ya lalubo dutsen da ke kusa da shi don ya yi taimama. Ya ji gari-gari a tafinsa, ya yi tsaki, ya juya dutsen. Ashe Baba Illiya sama kaɗai ya shafa. Farar ƙasa da tsada, ruwa ya fi ta tsada, baƙo kuma ba ya leƙa ƙarƙashin dutse.

Tsohon ya dafa dutsen, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa. Fulera ta ga ya ɗan dakata, yatsunsa na sake bin dutsen. Ya miƙe ya yi sallarsa raka'a huɗu, a natse. Da ya sallame ya yi addu'a, sannan ya ɗauki dutsen ya auna shi a hannu, ya ɗaga murya yadda ake kiran ayari.

"Wa ya kawo Tamgak bakin hanya?"

Sai Tekna ta saki tutarta, ta durƙusa ta kife dutsen da ke gabanta. Baƙi ne mai ramuka. "Timiya!" ta ce. Wani yaro ya kife nasa, ja ne. Wani ya ruga can bakin ƙofa yana kifewa yana kiran suna. Kafin a ce me, yara talatin da ɗaya sun watse cikin hanya, kowa na rungumar dutsen ƙasarsu, ƙirjinsu duk fari.

"Silans! Sahu! Ku koma sahu!" Mushe Nomau ya yi nan, ya yi can, kamar mai kamun kaji. Ya juyo wajen Fulera. "Madam! Tsayar da yaranki!"

Ta dube shi. Ta dubi yaran, da bakinsu ya buɗe bayan awa shida. Ta ce a ranta, in Bilma ce, to Bilma ce, ai ta san taki nawa ne.

"Mushe, ka yi haƙuri," ta ce. "Rana ta toshe musu kunne."

Ta tuɓe takalmanta ta ajiye. Ta shiga tsakiyar hanyar nan da aka share domin Kafiten, ta kafa diddige, ta ja zane mai lanƙwasa tun daga bakin ofis har kusa da ƙofa. "Ga Telwa," ta ce da Faransanci. "Agadas nan bakin ƙofa. Ku auna daga nan. Wanda ya yi mini ƙidaya da Hausa ya sake daga farko."

Aiki ya kankama. Madugu ya zauna a tsakiya ana kawo masa dutse yana shafawa yana cewa a kai can, a kai nan. Iyaye mata suka taso daga gindin aduwa suna gardama a kan rijiyoyi, wata ta cire zobe ta ajiye a mazaunin tasu. Ƴan sauran azuzuwa suka matso kallo. Mushe Nomau ya gaji da ihu, ya tsaya ya riƙe kai da hannu biyu yana kallon hanyarsa da ta rage haƙori ɗaya-ɗaya.

A haka motar soja ta iso. Ba waƙa, ba tafi. Shofer ya taka birki a bakin ƙofa don Agadas ta tare hanya.

Kafiten ya fito, dogo, da baƙin tabarau. Bayansa wata ƴar tsohuwa ta sauko da ƙyar, da jaka a hammata da sanda a hannu. Lakwal ya yi tsit, har ana jin ragon Mushe na kuka a bayan ofis.

"Ranka ya daɗe, Kafiten," in ji Mushe Nomau, "wannan, wato, abin da ya faru..."

Madam Aissa ba ta saurare shi ba. Ta tsallake Agadas da sandarta, ta tsaya gaban Tekna, ta tambaye ta da Faransanci mene ne a hannunta. Tekna ta dubi Fulera, ta amsa da Faransanci cewa dutsen garinsu ne. Kalma biyar ta faɗa, biyu a karkace. Tsohuwar ta ce daga nan zuwa garin naku kwana nawa? Yarinyar ta koma bakin ƙofa, ta tako tana ƙidaya a fili, ta tsaya a tara. Madam Aissa ta kira wani yaro ta ce in an raba tafiyar nan uku fa? Ya ce uku-uku, amma ba a raba ta haka, don rijiya ba ta san lissafi ba. Tsohuwar ta toshe baki da bakin mayafi.

Duk wannan Kafiten na zagayawa hannu a baya. Ya tsaya a gindin Tamgak, ya sa bakin takalminsa ya ture wata tsakuwa da aka ajiye a matsayin rijiya. "Wannan ba nan take ba. Shekara biyu na yi a Iferwan. Ta fi nan gabas."

"Wa ke magana?" in ji Madugu Bazo.

"Kafiten ne, Baba," wani ya raɗa masa.

"To. Yaro, da mi ka je?"

Mushe Nomau ya jingina da bango, leɓensa na motsi, ga alama ya soma karanta abin da ya sawwaƙa.

"Da mota," in ji Kafiten.

"Shi ya sa. Hanyar mota zagaye take yi, ta biyo ta bayan tudu, sai ka ga kamar rijiyar gabas take. Ni sau arba'in na shayar da raƙuma a bakinta. Mayar da ita inda ka same ta."

Kafiten ya cire tabarau. Ya dubi tsohon, ya dubi ƙasa, ya daɗe yana bin zanen da ido. Sannan ya tsuguna, da kakinsa da kome, ya ɗauki tsakuwar ya mayar. "Gaskiyarka, Baba. Tudun nan na tuna shi." Ya yi dariya. Da aka tabbatar dariya ce, kowa ya taya shi, Mushe Nomau ya fi kowa.

Nan take dirakta ya farfaɗo. Ya gyara riga ya matso. "Dama haka muka tsara, ranka ya daɗe. Na ce wa Madam, kada mu nuna wa baƙi abu a gine. A rushe, su ga yadda yaranmu ke ginawa da idonsu. Farar ƙasar ma don jarrabawa ce."

Fulera ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora ta cije.

"Ka yi tunani, Dirakta," in ji Kafiten. "Abu ya yi kyau. Ya fi ƙarfin lakwal ma. Sati mai zuwa manyan baƙi za su zo daga Yamai, ya kamata su ga wannan a gidan farfe. Gobe da safe zan turo kamiyo a kwashe. Duka, kar a bar ko ɗaya."

"Wannan babbar girmamawa ce, ranka ya daɗe!"

Fulera ta ɗaga ƙafa za ta yi gaba, sai ta ji an riƙe mata zane. Madam Aissa ce. Ta ja ta gefe, wajen inuwar katanga, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ke ce Fulera? Da nawa kika soma?"

"Ashirin da uku, Inna. Sun koma sha ɗaya. Yau talatin da ɗaya."

"Rumfarki ta tsaya. Kafin in bar garin nan zan kai wa ansfekta takarda da hannuna, in tsaya har ya buga hatimi."

Fulera ta yi hamdala. Ta dafa katanga. Amma fushin bai tafi ba, matsawa kawai ya yi. "Duwatsun fa, Inna? Wata huɗu. Ɗaya-ɗaya na roƙo su. Kafiten ya kwashe ya kai inda yaran nan ba su isa su leƙa ko ƙofa ba?"

"Ɗiyata, shekara talatin na yi da alli a hannu. Ban taɓa ganin abin da ya shiga gidan farfe ya fito ba, sai takardar canjin wurin aiki. Kin samu yara. Ki rufe bakin nan naki, na ga yana motsi."

Sai ga muryar Mushe Nomau ta cika fili. A fito da kujeru, mai hoto ya iso, a jera yara a gaba, Kafiten a tsakiya. Bayan hoto kuma, in ji shi, Madam Fulera za ta yi jawabin godiya a madadin lakwal, bisa wannan karamci da aka yi wa duwatsunmu.

Duwatsunmu. Fulera ta ji jawabin ya taso mata tun daga ciki, cikakke, ba sai ta shirya ba. Akwai igiyar tuta a ciki, akwai randar da aka ƙafe, akwai rago. Ta san in ta tsaya gaban mutanen nan ta buɗe baki, ba godiya ce za ta fito ba, kuma rumfar da aka ceto yanzun nan za ta wayi gari ba malama.

Ana ta jan kujeru. Mai hoto na cewa dogaye su koma baya, Baba Illiya na kakkaɓe wa yara farin ƙirji yana ƙara ɓata su, Madugu na gardama shi ba za a ɗauke shi hoto ba. Kowa ya ba ta baya. Ta sunkuya ta ɗauki takalmanta, ta bi jikin katanga, ta zagaya bayan rumfa, ta fice ta wurin da katangar ta zube.

Lungun ba kowa sai zafin rana. Ta yi taku kamar hamsin ƙasa na ƙona mata ƙafa kafin ta tuna takalman na hannunta. Ta tsaya ta sa. Sannan ta miƙe hanyar gida, tana tafe tana yin jawabin nan da ƙarfi, tun daga "Ranka ya daɗe" har ƙarshe, ba ta rage ko kalma ɗaya ba.